Ninja a Cikin Wayar Hannu: Horo, Gumurzu da Ƙuri'a

Daga cikin dubban wasannin da ake saukewa a wayar hannu, akwai wani rukuni da aka gina a kan aiki guda: mai wasa ya tara mayaƙan ninja irin na fina-finan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime, ya horar da su, ya haɗa su tawaga-tawaga, sannan ya tura su fagen daga. Yawancin wasannin nan kyauta ake sauke su. Ba a karɓar ko sisi kafin a fara, kuma a kwanakin farko kyaututtuka ne ke ta zubo wa sabon shiga. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanonin da ke yin su suna biyan masu zane, da masu tsara manhaja, da masu haƙƙin labarin, kuma daga aljihun masu wasa ake fitar da wannan kuɗi. Kafin a kai ga maganar kuɗin, ya kamata a san su wane ne waɗannan mayaƙa.

Ninja na tarihi, wanda ake kuma kira shinobi, ɗan leƙen asiri ne kafin ya zama mayaƙi. Ya yi tashe a ƙarni na 15 da na 16, zamanin da sarakunan yaƙi suka yayyaga Japan, kowa na neman haɗiye maƙwabcinsa. Yankuna biyu masu tsaunuka, Iga da Koga, waɗanda yau suke cikin lardunan Mie da Shiga, su ne suka yi suna wajen samar da irin waɗannan mutane. Aikinsu su saje da fatake ko masu yawon ibada, su shiga garin abokan gaba, su ƙirga dakaru, su gano inda ganuwa ta yi rauni, wani lokaci su cinna wa sansani wuta cikin dare. A shekarar 1581 sarkin yaƙi Oda Nobunaga ya afka wa Iga da babbar runduna ya murƙushe ta. Daga baya mutanen yankin da dama suka shiga hidimar wani sarkin yaƙin, Tokugawa Ieyasu, wanda ɗaya daga cikin sanannun baraden yaƙinsa, Hattori Hanzo, asalin gidansu Iga ne. Da ƙasa ta zauna lafiya sana'ar ta riƙa ja baya, har wasu suka ga gara a rubuta ta kafin ta ɓace. Littafin Bansenshukai na shekarar 1676 shi ne mafi shahara cikin waɗannan rubuce-rubuce, kuma abin da ya cika shi dabarun ɓad-da-kama ne, da hawa katanga, da buɗe ƙofa, da haɗa kayan wuta. Har yau ana nazarin wannan tarihi. Jami'ar Mie ta buɗe cibiyar binciken ninja a garin Iga a 2017.

Shi kuwa ninja mai siddabaru, wanda ke feso wuta da baki ko ya ɓace a bar kututture a gurbinsa, ɗan tatsuniya ne da dandalin wasan kwaikwayo. Wani dogon labari da aka fara bugawa a 1839 ya zo da jarumi Jiraiya mai tsafin kwaɗo, da matarsa Tsunade mai tsafin dodon koɗi, da abokin gabarsu Orochimaru mai tsafin maciji. A wani tsohon wasan yatsu na Japan, maciji yana cin kwaɗo, kwaɗo yana cin dodon koɗi, dodon koɗi kuma yana cin maciji. Kowa da maganinsa, babu wanda ya gagari kowa. Irin wannan zagaye ne har yanzu ake gina faɗa a kansa a wasannin waya da yawa. A farkon ƙarni na 20 kuma, ƙananan littattafan yara da ake bugawa a birnin Osaka suka fito da wani yaro ninja mai suna Sarutobi Sasuke, ya zama gwarzon yaran wancan zamani.

Duk waɗannan sunaye sun sake bayyana a labarin Naruto, wanda shi ne tushen wasannin ninja na waya da yawa. Mai zane Masashi Kishimoto ya fara fitar da shi a mujallar mako-mako ta Shonen Jump, ta kamfanin Shueisha, a 1999, ya kammala a 2014 da babi 700 cikin littattafai 72, waɗanda adadin kwafinsu ya kai miliyan 250 a duniya. Kamfanin Pierrot ya mayar da labarin fim na zane mai dogon zango: kashin farko daga 2002 zuwa 2007 da fitowa 220, sai kashi na biyu, Shippuden, daga 2007 zuwa 2017 da fitowa 500. Labarin ɗan Naruto, Boruto, ya ɗora daga nan. Jigon labarin, Naruto, maraya ne da mutanen garinsu ke ƙyama saboda an ɗaure wani dodon dila mai jela tara a cikinsa tun ranar haihuwarsa. Shi ne kurar baya a ajinsu, amma ya ƙudura sai ya zama Hokage, wato shugaban garin Konoha.

Wanda ya dubi labarin da idon mai tsara wasa zai ga kamar dama don wasa aka rubuta shi. Akwai matakan girma a jere: genin, chunin, jonin, sai kage a ƙoli. Ana raba ɗalibai uku-uku ƙarƙashin malami ɗaya, ga tawaga ta samu. Ayyukan da ake tura su an jera su bisa haɗarinsu, daga harafin D har zuwa S. Akwai wani ƙarfin jiki da ake kira chakra, wanda ke ƙarewa in an yi amfani da shi, ya kuma dawo bayan hutu, abin da ya dace a zana shi a matsayin ma'auni a gefen allo. Sannan ga ɗabi'u biyar da ke rinjayar juna: wuta tana rinjayar iska, iska tana rinjayar walƙiya, walƙiya tana rinjayar ƙasa, ƙasa tana rinjayar ruwa, ruwa kuma ya kashe wuta. Abin da ya fi duka amfani ga ɗan kasuwa shi ne yawan jarumai, kuma kowanne ya bayyana a shekaru daban-daban da kamanni daban-daban. Naruto ɗaya ana iya sayar da shi yana yaro, a sake sayar da shi yana saurayi, a kuma sayar da shi sanye da alkyabbar Hokage.

Zumuncin mujallar Shonen Jump da wasannin kwamfuta daɗaɗɗe ne. Wasan Dragon Quest na 1986, wanda ya kafa salon da Japanawa ke bi a wasannin da mutum ke ɗaukar matsayin jarumi ya fara da rauni ya yi ta ƙaruwa, wanda ya tsara shi, Yuji Horii, marubuci ne a Shonen Jump, wanda ya zana jarumansa kuma Akira Toriyama ne, mai labarin Dragon Ball. Wasan Pokémon ya zo a 1996 ya ƙara wa salon sha'awar tarawa. Da Apple ya buɗe shagonsa na manhajoji a 2008, ya kuma ba da damar sayayya daga cikin manhaja a 2009, sai hanya ta buɗe: a ba da wasa kyauta, a riƙa sayar da abubuwan cikinsa kaɗan-kaɗan.

Kamfanin Bandai Namco, wanda ke da lasisin wasannin Naruto, ya fitar da Ultimate Ninja Blazing a 2016. A cikinsa ana faɗa ne bi da bi. Mai wasa ya ja mayaƙinsa da yatsa zuwa inda harinsa zai riski abokan gaba, in kuma abokan tawagarsa na kusa sai su haɗa hari. A 2017 kamfanin ya ƙara da Ninja Voltage, inda mai wasa ke gina sansaninsa, ya ɗana tarkuna, ya sa masu gadi, sannan ya ɗauki mayaƙa huɗu ya je fasa sansanin wani. A ƙasar Sin, kamfanin Tencent ya fitar da nasa wasan Naruto na waya a 2016, wanda ya fi karkata ga karon mutum biyu kai tsaye, kuma ya daɗe cikin wasannin da ke kawo wa kamfanin kuɗi. Bayan waɗannan masu lasisi akwai tarin na bogi, waɗanda ke ɗaukar jaruman labarin su sauya musu suna ko launin gashi, su ci kasuwarsu na ɗan lokaci, su ɓace, su dawo da sabon suna.

To, yaya ake horar da ninja a waya? Kowane mayaƙi tarin lambobi ne a bayan hoto: ƙarfin harinsa, juriyarsa, yawan ransa, saurinsa. Horo shi ne ɗaga waɗannan lambobi. Hanya ta farko ita ce hawa mataki, ko dai ta yawan shiga faɗa ko ta ciyar da mayaƙin wasu kayayyaki. A Blazing, kwanon taliyar ramen, abincin da Naruto ya fi so a labarin, shi ake ba mayaƙi ya ƙaru. Kowane mayaƙi yana da iyakar da ba zai wuce ba sai an ƙara masa tauraro, ƙarin tauraro kuma yana buƙatar wasu takardu ko duwatsu da ba a samu sai a wani fage, wani lokacin ma sai a wata rana ta mako. Bayan tauraro akwai kayan yaƙi, su ma da nasu matakan. Bayan kayan yaƙi akwai baiwar da ba ta buɗewa sai an sami kwafi na biyu, ko na uku, na mayaƙin nan dai. Matakan farko ana haye su a zama ɗaya, da gangan aka yi haka don sabon shiga ya ji daɗi. Na ƙarshe kuwa sukan ci makonni.

Akwai kuma ma'aunin kuzari. Kowane faɗa yana cin wani kaso nasa, in ya ƙare sai a jira ya cika da kansa, ko a biya a cika shi nan take. Amfanin wannan ga kamfani biyu ne: yana sayar da gaggawa, yana kuma koya wa mutum dawowa sau da yawa a yini don kada kuzarin ya cika ya tsaya a banza. A kan wannan aka ɗora ladan shiga kullum, da ayyukan yini, da na mako, da bukukuwa masu wa'adi. Da yake maimaita fage ɗaya sau tari yana gundura, sai aka sa maɓallin da wayar za ta yi faɗan da kanta. Abin dariya ne, amma haka yake: mutum ya ajiye waya tana buga wa kanta wasa, shi kuma yana jiran ta gama ya kwashi ganima.

A fagen faɗa ne wasannin nan suka fi nuna gwaninta, kuma a nan ne mai hankali ke samun abin da ya cancanci lokacinsa. Dole ya duba ɗabi'ar abokin gaba ya zaɓi wadda ke rinjayarta. Dole ya haɗa mai dukan nesa da mai tare duka da mai warkarwa. Dole ya san lokacin da zai kashe chakra a kan babban hari da lokacin da zai adana ta don dodon da ke jira a ƙarshen fage. Wasu wasannin suna ba da ƙarin ƙarfi in an haɗa waɗanda ke da alaƙa a labarin, kamar Naruto da Sasuke da Sakura, ɗaliban malami ɗaya, Kakashi, don haka sanin labarin kansa makami ne. Sannan akwai filin gasa, inda tawagar mutum ke karawa da ta wani, ko da yake sau da yawa kwamfuta ce ke sarrafa tawagar ɗayan, shi yana can yana barci. Akwai ƙungiyoyi, inda 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban ke haɗa ƙarfi su kayar da wani babban dodo, kuma wannan zumunci yakan riƙe mutum a wasa ko bayan wasan ya fita ransa, don ba ya so a ce ya yar da 'yan uwa.

Sai dai a nan ne wasan ya saɓa wa labarin da ya haife shi. Ɗaya daga cikin jaruman da masu kallo suka fi ƙauna shi ne Rock Lee, yaron da ba ya iya siddabaru ko kaɗan, sai dambe da shuri kawai, wanda ya kai kansa sahun gaba da naci da motsa jiki, har ya girgiza wani gagarumin abokin karawa, Gaara, a jarrabawar chunin. Saƙon labarin shi ne naci yana iya cim ma baiwa. A wasan waya kuwa, mayaƙin da aka haifa da ƙaramar daraja yana da rufin da ba zai fasa ba ko an shekara ana horar da shi. Manyan mayaƙa daga ƙuri'a suke fitowa.

Ita wannan ƙuri'a ana kiranta gaca, kuma asalinta injinan kan titi ne na Japan da yaro ke jefa kwabo ya murɗa, ƙwallon roba ya faɗo da ɗan abin wasa a ciki, bai san wanne ba sai ya buɗe. Wasan Dragon Collection na kamfanin Konami, a 2010, yana cikin na farko da suka nuna irin kuɗin da tsarin zai iya kawowa a waya, Puzzle & Dragons na 2012 kuma ya mayar da shi abin koyi ga kowa. A wasannin ninja ana kiran abin da sunan kira ko gayyato mayaƙi. Mai wasa ya biya da kuɗin cikin wasa, lu'ulu'u ne ko wani dutse, allo ya yi walƙiya, ganguna su kaɗa, sannan a nuna masa rabonsa. Ana samun wannan kuɗi kaɗan-kaɗan ta hanyar wasa, ana kuma sayensa da kuɗin gaske. Sanya kuɗi na biyu tsakanin aljihu da ƙuri'a dabara ce, domin wanda ya kashe lu'ulu'u 50 ba ya jin zafin da zai ji in an ce masa ga adadin da ya fita daga asusunsa. Sau da yawa kuma ƙunshin da ake sayarwa ba ya dacewa daidai da farashin ƙuri'a, sai a bar mutum da 'yan canji da ba su isa komai ba sai ya ƙara saye.

Lissafin abin yana da sauƙi, amma yana yaudarar mutane da yawa. A ɗauka damar samun wani mayaƙi kashi 1 ce cikin 100. Mutum zai zaci in ya ja sau 100 dole ya samu. Ba haka ba ne, domin kowane ja zaman kansa yake, bai san abin da ya gabace shi ba. In mutum 100 kowanne ya ja sau 100, kusan 37 daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. Ko da kowanne ya ja sau 300, kusan mutum 5 ba za su samu ba. Masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya nuna tun tsakiyar ƙarni na 20, a gwaje-gwajensa da tantabaru, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ne ya fi sa a nace. A kan wannan aka ƙara wa'adi, a ce wannan mayaƙi na mako biyu ne kawai. Aka kuma ƙara tsufa, domin sabon mayaƙin bana yakan fi na bara ƙarfi, ta yadda wanda ya kashe kuɗi bara ba zai zauna lafiya ba. Mafi yawan masu wasa ba sa biyan komai. 'Yan tsiraru masu kashe maƙudan kuɗi ne ke ɗauke da wasan, kuma don su ake tsara manyan ƙuri'o'i.

Hukumomi sun fara sa baki ne a Japan ɗin kanta. A 2012 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasar ta haramta wani salo da ake kira kompu gaca, inda sai mutum ya tara cikakken jeri na wasu kaya daga ƙuri'a kafin a ba shi babbar kyauta. Na farko da na biyu suna zuwa da sauƙi, na ƙarshe ne ke cinye dukiya. Manyan kamfanoni irin su GREE da DeNA suka janye salon, hannun jarinsu ya faɗi. A farkon 2016 wani rikici ya tashi a kan wasan Granblue Fantasy, bayan wani ɗan wasa ya nuna wa duniya yadda ya kashe kimanin dala 6,000 yana neman jaruma ɗaya. Kamfanin wasan ya ba da haƙuri, ya kuma kawo ƙa'idar cewa wanda ya ja sau 300 zai zaɓi wanda yake so. Irin wannan rangwame ya yaɗu zuwa wasanni da yawa, kuma shi ne abu na farko da gogaggen ɗan wasa ke dubawa.

Ƙasar Sin ta wajabta bayyana alƙaluman damar cin ƙuri'a a 2017. Apple ya sa irin wannan sharaɗi a shagonsa a ƙarshen shekarar, Google ya bi sahu a 2019, Koriya ta Kudu kuma ta mayar da shi doka mai aiki daga 2024. Beljiyam ta wuce nan: a 2018 hukumarta mai kula da caca ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne, har kamfanin Nintendo ya janye wasanninsa biyu na waya daga ƙasar a 2019. A Amurka, hukumar kula da ciniki ta tarayya ta cim ma yarjejeniya da masu wasan Genshin Impact a farkon 2025, inda suka amince su biya dala miliyan 20, su kuma daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 ƙuri'a ba da izinin iyaye ba. Masu kare tsarin suna cewa ba caca ba ce tunda kullum ana samun wani abu, kuma ba a mayar da shi kuɗi. Hujja ce mai rauni, don wanda ya biya yana neman babban mayaƙi aka ba shi ƙaramin mayaƙi na goma iri ɗaya ya san asara ya yi. A fikihun ciniki na Musulunci akwai babin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba sai bayan an biya, kuma wannan fuska ce da ta cancanci malamai su dube ta da kyau tunda wasannin sun shiga hannun yaran Musulmi.

Ta fuskar lokaci ma an yi dokoki. A watan Agusta na 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya larurar jarabar wasan bidiyo cikin sabon kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Alamominta su ne mutum ya kasa iko da wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Hukumar da kanta ta ce ƙalilan ne daga masu wasa ke kaiwa wannan hali, don haka ba kowane yaro mai son ninja ne majinyaci ba.

Akwai wani al'amari da masu wasa ba su cika tunawa ba sai ya faru. Mayaƙan da mutum ya tara ba a wayarsa suke ba, suna can cikin manyan kwamfutocin kamfani, kuma sharuɗɗan da ya amince da su ranar farko, ba tare da ya karanta ba, izinin amfani kawai suka ba shi. Ɗan haya ne, ranar da mai gida ya ga dama zai rufe ƙofa. Ultimate Ninja Blazing ya rufe a watan Fabrairun 2021, bayan shekara huɗu da 'yan watanni, kuma duk abin da aka tara a cikinsa, na kuɗi da na gumi, ya tafi tare da shi. In mai lasisi ya yi haka, na bogi ba a magana. Shi ko sanarwa ba lallai ya yi ba. Wannan ne bambancinsu da irin Ultimate Ninja Storm, wanda kamfanin CyberConnect2 ya yi wa na'urar PlayStation 3 a 2008 aka kuma kawo shi waya a 2024, wanda ake saye gaba ɗaya a buga labarinsa ba tare da ƙuri'a ba. Sayar da asusun wasa ga wani kuwa yawancin kamfanoni sun hana, kasuwarsa kuma cike take da damfara. Haka ma kwafin wasa da ake yaɗawa da alƙawarin lu'ulu'u marar iyaka: kuɗin wasan a kwamfutar kamfani ake ƙirga shi, don haka alƙawarin yawanci ƙarya ne, abin da ke zuwa da shi kuma yana iya zama manhajar satar bayanai.

Matasa a Kano da Kaduna da Maraɗi suna kallon Naruto kamar takwarorinsu na ko'ina, wasannin kuma suna isowa ta shago ɗaya da na kowa. Nauyin da ke kansu dai ya fi, domin wasan ba ya tafiya sai da intanet, yana cin data a duk lokacin da aka sabunta shi, yana cika ma'ajiyar ƙaramar waya, yana shan caji a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Farashin ƙuri'ar kuma an yanka shi ne da aljihun ɗan Tokiyo, ba na ɗalibin da ke jiran kuɗin makaranta ba. Duk da haka ana iya buga waɗannan wasanni ba tare da biyan komai ba, in mutum ya haƙura da saman teburin gasa, ya tara abin da ake ba shi kyauta, ya jira ƙuri'ar da ke da rangwame. Masu yin haka sukan fi sanin wasan ma, don dole ta sa su lissafi.

Ga iyaye, matakan kariya suna cikin wayar. A Google Play ana iya sa dole a shigar da kalmar sirri kafin kowace sayayya, manhajar Family Link kuma tana ƙayyade awannin da yaro zai yi. Wayoyin Apple suna da irin wannan, har da tsarin da yaro ba zai sayi komai ba sai saƙon neman izini ya je wayar mahaifi. Kada a bar katin banki a maƙale da wayar da yaro ke riƙewa. Ga mai wasa kuma, babba ne ko yaro, kafin ya sauke wasa ya duba sunan kamfanin da ya fitar da shi, kafin ya ja ƙuri'a ya buɗe shafin alƙaluma ya ga kashi nawa ne cikin 100, ya kuma ga ko akwai adadin da in an kai za a ba shi abin da yake nema. Wasan da ya ɓoye sunan masu shi, ko ya ƙi bayyana alƙaluman ƙuri'arsa, bai cancanci a saka masa ko kwabo ba.